Gishirin Kan Titi da Lalacewar Wili Mai Dalayen Kurom: Nazarin Musabbabi da Hanyoyin Kariya a Arewacin Amurka da Kanada

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda gishirin da hukumomi ke zubawa a tituna lokacin dusar ƙanƙara yake cin wilin manyan motoci da na a-kori-kura waɗanda aka dalaye da kurom. An bi tsarin dalayen hawa-hawa, sannan aka auna shi da halayen gishiri uku da aka fi zubawa, bisa ƙa'idojin gwaji na hukumar ASTM da tabbataccen ilimin tsatsa. Nazarin ya nuna cewa nikel ɗin da ke ƙarƙashin kurom shi ne ke tsare wili, kuma mafi yawan ɓarna tana faruwa ne bayan mota ta tsaya, sa'ad da gishiri ya kwana a jikin ƙarfe cikin danshi da ɗumi. A kan haka maƙalar ta fifita wanki mai yalwar ruwa da duba ɓoyayyun sassan wili a kan shafa kaki.

Muhimman kalmomi: kurom, nikel, gishirin titi, tsatsa, wili.

1.0 Gabatarwa

Hunturun da Bahaushe ya sani busasshe ne, iska da ƙura, ƙarfe kuwa yakan huta a cikinsa. Na yankin manyan tafkunan Amurka da Kanada jiƙaƙƙe ne. Dusar ƙanƙara na zuba, ta narke, ta sake daskarewa, titi ya koma santsi, sai hukumomi su bi shi da gishiri domin kada motoci su yi ta zamewa. Jihar New Hampshire ce ta fara gwada wannan dabara a 1938, kuma a hunturun 1941 zuwa 1942 ta mayar da ita aikin yau da kullum. A yanzu Amurka na zuba wajen tan miliyan 20 a shekara, Kanada kuma wajen tan miliyan 5. Ana haƙo shi daga ma'adinai irin na Goderich da ke ƙarƙashin tafkin Huron a Ontario, da na Cleveland a ƙarƙashin tafkin Erie.

Babu mai musun cewa gishirin yana rage haɗari a hanya. Kuɗin da ake biya kuwa daga jikin mota yake fita. Binciken da hukumar manyan hanyoyin tarayyar Amurka ta ɗauki nauyinsa, wanda aka fitar a 2002, ya ƙiyasta asarar da tsatsa ke jawo wa ƙasar kai tsaye a kan dala biliyan 276 a shekara, daga ciki biliyan 23.4 a ɓangaren motoci. A watan Afrilu na 2015, bayan dogon bincike a kan bututun birkin da ke tsatsa har su fashe, hukumar kiyaye haɗurra ta NHTSA ta shawarci masu tsofaffin motoci a jihohin da ake zuba gishiri da su riƙa wanke ƙarƙashin motocinsu a kai a kai.

Wili ne sashen mota mafi kusa da wannan ruwan gishiri. Yana shiga cikinsa, yana watsa wa kansa, tsakuwa na bugunsa, zafin birki na busar da abin da ya manne masa. Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce: ta ina ne gishiri ke shiga dalayen kurom, kuma wace irin kulawa ce take daidai da hanyar shigarsa?

2.0 Hanyar Nazari

Nazarin na tantance bayanai ne. An dogara da abin da ƙa'idojin ASTM B456, B117, B368, B764 da B995 suka tanada game da kaurin dalaye da yadda ake gwada shi, da alƙaluman daskarewa da jan danshi na gishiri uku, da kuma umarnin ɗaure wili da masu ƙera shi ke bayarwa. Daga nan aka auna kowace shawarar kulawa da ake yawan ji a bakin direbobi da bakanikai da wannan ma'auni ɗaya: shin tana rage tsawon lokacin da jiƙaƙƙen gishiri ke zama a kan ƙarfe?

3.0 Abubuwa Huɗu Masu Suna Ɗaya

Kuskuren farko da mai mota ke yi shi ne ɗaukar duk wili mai ƙyalli a matsayin kurom. A kasuwa akwai iri huɗu aƙalla. Akwai wilin baƙin ƙarfe ko na alminiyam da aka tsoma a kwatarnin lantarki aka dalaye shi da nikel da kurom. Wannan ne kurom na haƙiƙa, kuma a kansa maƙalar za ta fi tsayawa. Akwai wilin alminiyam da aka manna wa fuskar roba mai dalayen kurom, wanda ya yawaita a a-kori-kurar Ram da Ford da Chevrolet. Akwai wanda ake kira PVD, inda ake fesa siririn ƙarfe a cikin ɗakin da aka zuƙe wa iska, a tsakanin fenti na ƙasa da fenti garai na sama, don haka abin da hannu ke taɓawa fenti ne. Sai kuma gogaggen alminiyam da ba a dalaye shi da komai ba. Da yawa daga cikin tirelolin Amurka wannan na ƙarshe suke ɗauke da shi; kamfanin Alcoa ne ya fito da ƙerarren wilin alminiyam na manyan motoci a 1948. Kurom ɗinsu yana kan murfin tsakiya ne da hulunan noti.

Bambancin ba na suna kawai ba ne. Man goge ƙarfe mai ɗan kaushi da zai fito da hasken gogaggen alminiyam, idan aka sa shi a kan PVD sai ya dusar da fentin. Idan kuma aka goga farin tsumma da man a kan wili ya fito baƙi wuluk, alama ce ta alminiyam tsirara.

4.0 Tsarin Dalaye da Yadda Yake Faɗuwa

Masanin Faransa Louis Nicolas Vauquelin ne ya gano sinadarin kurom a 1797, amma sai a 1924 Colin Fink da Charles Eldridge na Jami'ar Columbia suka daidaita hanyar dalaye da shi ta lantarki har ta shiga masana'antu. Kafin ƙarshen shekarun 1920 ya fara maye gurbin nikel a fuskar motoci, saboda ba ya dushewa.

Abin da mai saye bai cika sani ba shi ne siririntarsa. Kurom na ado bai cika wuce maikuromita 0.25 zuwa 0.5 ba, alhali kaurin gashin mutum yana kai maikuromita 70. Ƙarƙashinsa akwai nikel mai kaurin maikuromita 20 zuwa 40, wato ya ninka kurom sau ɗari ko kusa da haka. A wilin alminiyam akan fara da wankan tutiya domin dalaye ya kama, sannan sau da yawa a shimfiɗa jan ƙarfe ya cike ƙananan ramuka, kafin nikel. Ƙa'idar B456 ta kasa yanayin aiki mataki-mataki, kuma kayan wajen mota a ƙasar gishiri suna matakai na ƙoli, inda ake neman nikel mafi kauri.

Kurom yana tsare kansa da wata siririyar fata da yake yi idan ya haɗu da iska. Wannan fata ce ke hana shi dushewa, ita ce kuma ke sa ya fi nikel ƙin narkewa. Matsalar ita ce shimfiɗa mai wannan siriri ba ta taɓa rasa tsaga ko huji. Da zarar ruwan gishiri ya cika hujin, an samu ƙarafa biyu daban-daban da ruwa mai ɗaukar lantarki a tsakaninsu, wato an haɗa ƙaramin batir. A cikin wannan batir faffaɗar fuskar kurom ce ke karɓar iskar oksijin, nikel ɗin da ke ƙasan hujin kuma shi ke narkewa. Idan hujin ɗaya ne tak a fili mai faɗi, duk ƙarfin lantarkin a kansa yake taruwa, sai ramin ya yi ta nitsewa cikin sauri har ya kai ga jikin wili.

Masu dalaye sun fuskanci wannan da dabaru biyu, kuma duka biyun suna da ban sha'awa domin babu wadda ta nemi toshe hujin. Ta farko ita ce nikel hawa biyu. Na ƙasa ba shi da sinadarin farar wuta, ƙyallinsa kaɗan ne. Na sama mai ƙyalli ne, yana ɗauke da ɗan farar wuta, wanda ke sa ya fi saurin narkewa. Idan rami ya huda na sama ya iso na ƙasa, sai ya daina nitsewa ya koma faɗaɗa a kwance, domin na saman ne ke ci gaba da ba da kansa. Ƙa'idar B764, wadda ake kira gwajin STEP, ita ke auna bambancin ƙarfin lantarki tsakanin hawa biyun, kuma ana son ya kai milibolt 100 ko fiye. Dabara ta biyu ita ce ƙara yawan hujojin da gangan, sama da 10,000 a kowace murabba'in santimita, ta yadda lantarkin zai rarrabu a kansu, kowanne ya samu ɗan kaɗan. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Wili mai irin wannan dalaye yakan ɗan dushe da shekaru, amma ba ya saurin hujewa.

Daga nan ake gane dalilin da ya sa wili biyu masu kama ɗaya a shago suke rabuwa bayan hunturu biyu. Mai araha yawanci nikel ɗinsa hawa ɗaya ne, siriri, kuma ido ba zai iya bambance shi da mai kyau ba ranar saye. Har a wili mai kyau, dalayen lantarki ba ya kwanciya daidai: yana kauri a gefuna da wuraren da suka turo, yana sirancewa a lungu, a ramin noti, a kusurwar da hannayen wili suka haɗu da da'irarsa. Waɗannan lungunan su ne kuma inda laka mai gishiri ke taruwa.

Idan ramin ya kai ga baƙin ƙarfe, jar tsatsa ce ke ɓullowa ɗigo-ɗigo. Idan alminiyam ne, lamarin ya fi muni. Tazarar da ke tsakanin alminiyam da nikel ko jan ƙarfe a jerin ƙarafa mai faɗi ce, don haka alminiyam ke narkewa a ƙarƙashin dalayen, yana barin farin gari wanda ya fi ƙarfen da ya fito daga gare shi cika wuri. Garin ya tura dalayen sama, ya yi bororo, ya fashe, ya fara ɓarewa kamar ɓawon albasa. A wannan mataki babu man da zai gyara shi. Sai a kankare dalayen gaba ɗaya a sake, ko a canza wili.

5.0 Gishiri Uku, Hali Uku

Gishirin da aka fi zubawa shi ne sodiyam kulorayid, ɗan'uwan na miya wanda ba a tace ba. Ruwan da ke ɗauke da kashi 23.3 cikin 100 nasa ba ya daskarewa sai sanyi ya kai digiri 21 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, amma a aikace ƙarfinsa na raguwa sosai daga wajen digiri 9 ƙasa da sifiri. Domin cike wannan giɓi aka shigo da magnisiyam kulorayid, mai iya kaiwa wajen digiri 33 ƙasa da sifiri, da kalsiyam kulorayid mai kaiwa wajen 51. Tun daga shekarun 1990 kuma hukumomi suka ƙara karkata ga fesa ruwan gishiri a busasshen titi kafin dusa ta sauka, da jiƙa gishirin tsakuwa kafin a watsa shi domin ya manne. Abin da ya manne wa kwalta haka yake manne wa wili.

A nan ne, a ganina, mahimmancin batun yake, kuma nan ne shawarwarin kasuwa suka fi yin sakaci. Kowane gishiri yana da iyakar laimar iska da in an kai ta zai jawo ruwa daga iska ya narkar da kansa. Ta sodiyam kulorayid tana wajen kashi 75 cikin 100. Ta magnisiyam kulorayid wajen kashi 33 ce, ta kalsiyam kulorayid kuma wajen 30. Ma'ana, farin ɓawon gishiri na gargajiya yakan bushe ya yi shiru a rana mai ƙarancin laima, batirin ya mutu na ɗan lokaci. Sauran biyun kuwa kusan ba su bushewa a yanayin da mutum ke rayuwa a ciki. Wilin da ido ke gani busasshe, a lungunansa akwai siririn ruwa mai yauƙi da ke aiki dare da rana, har bayan hunturu ya wuce idan ba a wanke shi ba.

Kalsiyam kulorayid yana da wani sharri na daban. A cikin shekarun 2000 masu ƙera motoci sun lura cewa kurom ɗin motocin da ke yawo a Mosko yana cinyewa ta wata hanya da gwaje-gwajensu ba su hango ba. Ba nikel ne ke narkewa ta huji ba: shimfiɗar kurom ɗin da kanta ke gushewa, ta bar tabo mai launin rawaya-rawaya inda nikel ya fito fili. Musabbabin shi ne kakkauran ruwan kalsiyam kulorayid haɗe da laka, wanda ke karya fatar kurom ya kuma hana iska isa wurin ta sake ginuwa. Daga nan aka samu gwajin da ake kira na lakar Rasha, inda ake kwaɓa farar ƙasa da ruwan wannan gishiri a shafa wa ƙarfe, wanda ASTM ta mayar ƙa'ida mai lamba B995 a 2015.

Darasin da ke ciki ya shafi yadda ake karanta tallar wili. Gwajin feshin gishiri na B117, wanda ya samo asali tun 1939, yana amfani da kashi 5 cikin 100 na sodiyam kulorayid a zafin digiri 35. Gwajin CASS na B368 yana ƙara jan ƙarfe da asid ɗin tsami, a ɗaga zafi zuwa kusan digiri 49. Duka biyun suna auna ƙarfin nikel da rarrabuwar hujoji. Wilin da ya ci sa'o'i masu yawa a cikinsu yana iya faɗuwa a gwajin laka, domin tambayar da ake yi masa daban ce. An kuma gano cewa wasu nau'o'in dalaye da ake yi daga kurom mai caji uku sun fi jure wa kalsiyam kulorayid fiye da na gargajiya mai caji shida. Wannan ya zo daidai da matsin lambar da ake yi wa na gargajiyar saboda haɗarin ciwon daji ga ma'aikata: Tarayyar Turai ta hana amfani da shi ba tare da izini na musamman ba daga Satumba 2017, jihar Kalifoniya kuma ta amince da tsarin janye shi a 2023.

Sauran abu ɗaya game da baƙin ƙarfe. Saurin tsatsarsa a ruwan gishiri yana kai ƙololuwa ne a wajen kashi 3 cikin 100, kusan ɗanɗanon ruwan teku, daga nan ya fara raguwa saboda kakkauran ruwan gishiri ba ya riƙe oksijin sosai. Don haka wanda ya ɗan yayyafa wa wilinsa ruwa ya bar shi, bai cire gishirin ba, ya dai tsarma shi zuwa ma'aunin da tsatsa ta fi so.

Zafi ma yana da hannu. Motar da ta kwana a waje cikin tsananin sanyi, tsatsarta na tafiyar hawainiya. Wadda aka shigar gareji mai ɗumi da ƙanƙara a jikinta, ƙanƙarar za ta narke, laimar ɗakin ta tashi, zafi ya hanzarta aikin. Mai irin wannan gareji yana ganin gata yake yi wa motarsa.

6.0 Wuraren da Ido Ba Ya Kaiwa

Fuskar wili ita ake gogewa, amma ba ita ke jawo haɗari ba. Wuri na farko da ya fi cancantar damuwa shi ne mazaunin bakin taya. Ƙarfen mai faci yakan karce dalaye a wurin lokacin sa taya, ruwan gishiri ya tsiyaya ya kwanta a tsakanin roba da ƙarfe inda ba ya bushewa, dalayen ya ɓare, iska ta fara sulalewa a hankali. Direba ya yi ta ƙara iska duk mako yana neman ƙusar da babu ita. Maganin shi ne a cire taya, a kankare ɓararren wurin har ya yi sumul, a shafa abin toshe bakin taya.

Na biyu shi ne bawul. Tun daga Satumba 2007 dokar Amurka ta wajabta wa sababbin ƙananan motoci da ƙananan a-kori-kura na'urar auna iskar taya, kuma da yawa daga cikinsu bawul ɗin alminiyam ne. Idan aka ɗaura masa murfin tagulla mai dalayen kurom domin ado, an sake haɗa batirin da aka bayyana a sama, murfin ya kama, ranar da aka matsa masa da filaya bawul ɗin ya karye. Murfin roba shi ne daidai. Haka nan dalmar daidaita wili mai maƙalewa a gefe tana yanka dalaye. Mai mannewa daga ciki ta fi.

Na uku, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne bayan wili, inda yake haɗuwa da hob ko gangar birki. Abin da ke riƙe wili a mota shi ne matsin da noti ke yi, kuma matsin yana dawwama ne idan ƙarfe na zaune a kan ƙarfe. Tsatsa ko ɓawon dalaye ko fenti mai kauri da ya shiga tsakani zai murƙushe da tafiya, matsin ya saki, noti ya kwance. Shi ya sa masu ƙera wilin manyan motoci suka iyakance kaurin fenti a wannan fuska ga abin da bai wuce milimita 0.09 ba, suka kuma ce a ɗaure notin milimita 22 da sifana mai ma'auni zuwa niyuton-mita 610 zuwa 680, a sake duba shi bayan kilomita 80 zuwa 160. Wilin tirela da ya ɓalle a guje yana kashe mutum. Bayan aukuwar irin waɗannan mace-mace, lardin Ontario ya kafa doka a 1997 wadda ta ɗora alhakin ɓallewar wili a kan kamfanin mota ba tare da karɓar uzuri ba, da tara har dalar Kanada 50,000. Inda wilin alminiyam na waje ya haɗu da na baƙin ƙarfe na ciki a tagwayen tayoyi, akwai siririn faifan roba da ake sawa a tsakani domin raba ƙarafan biyu.

7.0 Kulawar da Ta Dace da Musabbabi

Idan an yarda da abin da ya gabata, wanki ne kan gaba, kuma ingancinsa yana cikin yawan ruwa da saurin yinsa. A bar wili ya huce tukuna, domin sabulu na bushewa a kan ƙarfe mai zafi ya bar tabo. A fara da ruwa mai ƙarfi a kore laka da tsakuwa kafin hannu ya taɓa, in ba haka ba soso zai ja su a kan kurom ya buɗe sababbin ƙofofi. Sai sabulun mota marar kaifi da burushi mai laushi da zai shiga ramin noti da bayan hannayen wili, sannan ɗauraya mai yawa, sannan a tsane da tsumma ko iska. Sau ɗaya a mako a lokacin zuba gishiri ma'auni ne mai kyau, kuma ranar da sanyi ya sassauta ita ta fi muhimmanci, domin a ranar ne gishirin ke farkawa. Magnisiyam da kalsiyam kulorayid sun fi naci, ruwa kaɗai ba ya cire yauƙinsu sai da sabulu da guga. Wankin ƙarshen hunturu, wanda ya kamata a yi shi da cire wili, shi ne ke hana gishiri yin bazara a jikin mota.

Magungunan wanke wili masu kaifi suna buƙatar faɗakarwa ta musamman. Asid ɗin haidirokulorik shi ne ainihin abin da masu dalaye ke amfani da shi idan suna son cire kurom daga kan nikel. Wasu magungunan haskaka alminiyam na tashoshin wanke tirela suna ɗauke da asid ɗin haidirofulorik ko danginsa, wanda ke ratsa fatar mutum ya cutar da shi ƙwarai, ga kuma shiga da yake yi cikin kowace tsaga ya ci alminiyam ɗin da ke ƙasa. Hasken da suke bayarwa na rana ɗaya ne. Soson ƙarfe, ko da mafi laushi ne, yana barin ɓurɓushin da zai yi tsatsa a kan wili, kuma a kan fuskar roba ko PVD ɓarna ce tsantsa. Ƙurar birki ma ɓurɓushin ƙarfe ce, shi ya sa jan ɗigon da ake gani a kan kurom wani lokaci ba daga wilin yake fitowa ba, kuma man goge kurom mai laushi yana ɗauke shi.

Kaki da sauran abubuwan shafawa na zamani suna da amfani, amma a san iyakarsa. Suna toshe hujoji na ɗan lokaci, suna sa ruwa ya gangare, suna sa wanki ya yi sauƙi. Zafin birki da yashi suna cinye kaki cikin makonni. Na roba da na silika sun fi daɗewa. Sharaɗinsu ɗaya ne, wato a shafa su a kan tsabtataccen wili busasshe kafin dusar farko ta sauka. Wanda ya shafa kaki a kan gishiri ya rufe shi ne a ciki. Kada kuma ko ɗaya daga cikinsu ya taɓa fuskar da ke zama a kan hob ko mazaunin noti.

Hanyar da ta fi kowace tabbas ita ce kada wilin kurom ya ga hunturu ko kaɗan. A lardin Quebec, inda doka ta wajabta tayar hunturu ga ƙananan motoci tun 2008, yanzu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, al'ada ce a ɗaura waɗannan tayoyi a kan wilin baƙin ƙarfe mai fenti, a ajiye na ado. Wannan yana kuma rage yawan cirewa da sa taya a kan wili ɗaya, wanda shi ne ke yanka mazaunin bakin taya. Sai dai a wanke wanda za a ajiye ciki da waje, a busar, a sa shi a wuri marar laima. Wilin da aka jefa cikin leda da gishirinsa zai fito a watan Afrilu da tabon da bai shiga da shi ba. Ga kamfanin da tirelolinsa ke kan hanya kullum, canza wili sau biyu a shekara ba mai yiwuwa ba ne, don haka zaɓin tun wurin saye yake: alminiyam mai kariya ko baƙin ƙarfe mai fenti, a bar kurom ga hulunan noti da za a iya cirewa a wanke ƙarƙashinsu.

8.0 Motocin da Suka Tsallako Teku

Batun yana taɓa mai karatu a Kano ko Maraɗi ta hanya ɗaya. Da yawa daga cikin motocin hannu da ake saukewa a tashoshin Legas da Kwatano daga Amurka da Kanada suke fitowa, kuma wasunsu sun yi shekaru a jihohin gishiri irin su Michigan da Ohio da New York. Dillali zai goge fuskar wili ta yi ƙyalli, amma gishirin da ke bayan fuskar roba ko a mazaunin bakin taya yana nan, kuma da damina ta faɗi laima ta haura kashi 75 cikin 100, zai ci gaba daga inda ya tsaya, a zafin da ya fi na ƙasar da ya fito. Mai sayen irin wannan mota ya sa bakanike ya cire wili ɗaya na gaba da ɗaya na baya, a kifa su a ƙasa, a duba farin gari a kewayen ramin tsakiya da bororo a gefen da'ira. Idan tayar tana rage iska ba tare da huji ba, a sa mai faci ya raba ta da wilin a duba mazauninta kafin a biya kuɗi.